Kada Ki Gina a Filin Nan, Inna

Assalamu alaikum, Inna.

Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki kin sauka Tawa lafiya, kin warware gajiyar hanya, kin sami ɗakin da za ki ajiye kayanki. Allah ya tsare ki a tafiya da zama, ya haɗa ki da maƙwabta nagari, ya sa yaran makarantar da za ki koyar a lakwal su fi ubanki jin magana.

Na san za ki yi mamakin tarar da takarda a tsakanin zannuwanki alhali ga waya a hannun kowa. Ni na roƙi mahaifiyarki ta saka ta. Kin san halina, in na buɗe baki da niyyar ba da haƙuri, kafin in kai ƙarshen magana sai in tarar faɗa nake yi. Ga shi kuma sunan uwata gare ki, shi ya sa tun ranar da aka raɗa miki shi ban taɓa kiran ki da komai ba sai Inna, kuma kunyarki nake ji kamar yadda nake jin tata. To gara in rubuta, in na yi kuskure in soke in sake.

Maganar filin nan ce na jikin gidanmu a Harobanda. Kin sha jin labarin ranar sunanki, yadda na miƙe a gaban jama'a na nuna shi na ce na jaririyar nan ne, nan za ta gina ɗakinta. Sati uku da suka wuce kika zo mini da waya kina nuna mini sabuwar taswirar da hukuma ta fitar ta wuraren da ruwa ke ci, kika ce filin ya faɗa cikin ja. Na daka miki tsawa a gaban mahaifiyarki da ƙannenki, na ce yaran biro, masu zaman ofis, da ba su taɓa riƙe shebur ba su ne za su koya mini ƙasa? Washegari kika durƙusa kika ba ni haƙuri, kika ce daga albashinki na farko za ki fara aiko da siminti a tara, a gina kamar yadda na so. Na ce Allah ya yi miki albarka, har ina jin daɗi na yi nasara. Wannan alkawarin naki shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin na san ki, abin da kika faɗa sai kin yi.

Bari in gaya miki yadda na sayi wurin nan, ba yadda nake ba da labarin a majalisa ba.

Na zo Yamai daga Tasawa ina saurayi, na koyi tuƙi, na yi shekaru ina haya a ɗaki ɗaya a Lazare, ni da mahaifiyarki da tukwanenta. Haya ta ishe ni. Da aka ce akwai filaye masu sauƙi a ƙetaren kogi, ban tsaya wata-wata ba. Tsakiyar rani ne, lokacin da zafi ke sa mutum ya ga ko'ina a bushe yake tun da aka halicci duniya. Mai sayarwa ya kai ni da takalminsa mai sheƙi, ya nuna mini wuri shimfiɗaɗɗe, baƙar ƙasa duk ta tsattsage. Na tambaye shi masallaci, ya nuna. Na tambayi famfo, na tambayi wuta, na tambayi nisan gudro, wato titin kwalta, har na tambayi ko maƙwabta masu sata ne. Ruwa kaɗai ban tambaya ba.

Akwai wata tsohuwa Bazabarma a gefe tana kiwon awakinta. Ta dube mu ta yi magana da harshensu, wani mai wucewa ya fassara mini. Ya ce, "Cewa ta yi, a daidai inda kake tsaye mijinta yake ɗaure jirginsa na ruwa." Na yi dariya na ce, "Ka gaya wa Kaka yanzu mota za a riƙa ɗaurewa." Kowa ya yi dariya ban da ita. Abin da ya fi ba ni haushi da kaina, ni ɗan manomi ne. Da ubana ne ya ga wannan baƙar ƙasa mai tsaga, kallo ɗaya zai yi ya ce fadama ce, a shuka shinkafa. Ni ma na gani, na sani a cikina, amma ina son gida, sai na kawar da kai.

Don haka, Inna, duk ranar da za ki sayi wuri, kada ki je dubawa da rani. Ki bari sai damina ta yi nisa, a yi ruwa mai ƙarfi, washegari da safe ki je da ƙafa, ki cire takalmi in ta kama. Kuma ki nemi wanda ya fi kowa daɗewa a wurin, wanda ba shi da abin sayarwa, ki zauna ki gaishe shi da kyau ki saurara. In ya faɗi abin da ba ki so, ranar ce ya kamata ki ƙara buɗe kunne.

Kuskure na biyu ya fi wannan nauyi, domin na farko kaina na cuta, na biyu kuwa wani ne ya ɗauki kayan.

Kin tashi kin tarar ana ce mini Sani mai ben. Shekara talatin da wani abu ina tuƙa motar juye ƙasa, ina ɗauko jar ƙasa daga bayan gari ina zuba wa masu gini. Duk wanda ya sayi fili a kwari ni yake nema. Sai in tsaya in riƙe ƙugu in ce, "Sawu ashirin ya ishe ka, Alhaji, ruwa ba zai ƙara ganin wurin nan ba." Kuma da zuciya ɗaya nake faɗa. A tunanina ruwa abu ne da ake binnewa. Nawa gidan ma haka na yi masa, duk ranar da aiki ya yi sauƙi sai in ƙara sawu ɗaya in juye a gida, har ƙofarmu ta fi ta kowa tsawo a layin. Ina alfahari da ita ƙwarai. In baƙi sun zo sai sun hau matakala uku kafin su yi sallama.

Kina da shekara biyar ko shida kogi ya zo. Kin san yana cika sau biyu a shekara, da jan ruwan damina da kuma wanda ke tahowa daga nesa lokacin sanyi. Na damina ne. Ranar Juma'a ce, mun dawo daga masallaci, rana tsaka, ko ɗigon hadari babu a sama. Sai ga ruwa yana tafe a layi a hankali, ba gudu ba hayaniya, kamar mai dawowa gidansa. Ya iso ƙofarmu ya ga tudu, sai ya kewaye mu ya gangara gidan Malam Saini, maƙwabcinmu na ƙasa, mai lambu a bakin kogi. Ɗakunansa biyu na laka ne. Kafin la'asar suka zauna ƙasa ɗaya bayan ɗaya, muna tsaye a kan matakalarmu muna kallo, ƙafafunmu a bushe. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba.

Iyalinsa suka yi wata guda a ajin lakwal tare da sauran waɗanda ruwa ya kora. Na kai musu buhun shinkafa da tabarmi, mutane suna ta sa mini albarka, ni kuma ina sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Na ce masa Allah ya mayar da alheri. Ya ce, "Kala suuru," wato sai haƙuri. Sannan ya ce, "Sani, ƙasarka tana da kyau." Na gane abin da yake nufi sarai, amma na yi kamar yabo ne, na ce na gode.

Abin da nake so ki riƙe a nan shi ne, ruwan da kika kora daga ƙofarki bai ɓace ba, ƙofar wani ya nufa, kuma galibi wanda ya fi ki rauni. Kafin ki ɗaga naki wuri, ki taka ki ga wanda ke ƙasa da ke. In kuma ta faru kin cuci mutum, ko da ba da gangan ba, ki je ki faɗa da bakinki. Kada ki yi irin tawa, ki kai kyauta ki karɓo godiya. Na ɗauki shekara kusan ashirin ina gaisawa da mutumin nan safe da yamma ban nemi gafararsa ba.

Ba mu daɗe muna cin moriyar tudun namu ba. Waɗanda suka zo bayanmu suka zuba ƙasa fiye da tamu, kuma mafi yawanta ni na juye musu. Wata damina sai ruwa ya hau matakala ukun nan ya shigo har tsakar gida, ya kai gwiwa. Wannan kina tunawa, ke kika ɗauko kajin mahaifiyarki a cikin kwando kina kuka. Da ya janye ya bar layi a jikin bango, miƙaƙƙe kamar an ja da igiyar magina. Ban jira bango ya gama bushewa ba na sayo fenti. Mahaifiyarki ta ce, "Malam, ka bar shi mana, mu riƙa sanin inda ya kai." Na ce ba za a zo gaisuwar Salla a ga gidana da ɗamara ba. Duk shekarar da ruwa ya shigo sai in shafe, har na daina sanin ko ƙaruwa yake ko raguwa. Ita kuwa ba ta ƙara yi mini musu ba, ta dai samo bulo ta ɗora ƙafafun gado a kai, ta mayar da buhun hatsi da takardunku saman kabad. Kullum ina yi mata tsiya wai ta mayar da mu masu kwana a bene.

To ke da za ki zauna gidan haya, ga abin da makaryacin mai fenti zai koya miki. Tawa ba ta da kogi irin namu, amma koramu suna sauka da ƙarfi, kada nisan kogi ya ruɗe ki. In kin shiga ɗaki, ki dubi gindin bango kafin ki dubi rufi. In kin ga sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa, sama kuma tsoho, ki tambaya. Ki leƙa ɗakin maƙwabciya ki ga ko gadonta a kan bulo yake. Kuma mata za ki tambaya, ba mai gida ba, domin su ne ke kwashe ruwan da roba.

Yanzu ga abin da ba ki sani ba. Kwana huɗu bayan na yi miki tsawa, na sa babbar riga na haye gada na tafi Plato, unguwar ofisoshin hukuma, ban gaya wa kowa ba. Niyyata in je in ga taswirar nan da idona, in nuna musu inda suka yi shirme, in dawo in ba ki labari. Na yi ta tambaya har aka nuna mini biron da take. Wani matashi mai fara'a ya karɓe ni, ya kai ni gaban wata babbar taswira da aka manna a bango. Ya ce, "Baba, kun iya karanta kart?" Na ce, "Nuna mini gada kawai, sauran ka bar ni da shi."

Ya ɗora yatsa a kan gada. Daga nan na bi gudro da nawa yatsan, na karya inda nake karyawa da mota. Duk inda ben ɗina ta taɓa kafewa har aka kira wata ta ja ta, ja ne. Duk kwarin da na cika wa wani Alhaji, ja ne. Tafkin da yara ke kamun kifi a da, wanda na yi wata biyu ina binnewa, yanzu gidaje ne a kai, ja ne wur. Ba su yi kuskure ko na taku ɗaya ba. Da sun kira ni tun farko, da na zana musu ita da ka, ba sai sun wahala da na'ura ba.

Na tambaye shi me ya sa aka sake ta, ina ta da? Ya ce ta da ta tsufa, gari ya cike wuraren da ruwa ke kwanciya, shi kuma ya nemi sababbin hanyoyi. Ya ce, "Mutane sun yi ta zuba ƙasa, Baba." Na ce, "Ni ne." Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.

Ya yi mini bayani a natse. Inda aka sa ruwan ɗorawa ana iya gini, amma sai an ɗaga tushe an bar wa ruwa hanya. Inda aka sa ja kuwa, kada mutum ya sa rai da takardar izinin sabon gini. Wanda ya riga ya gina kada ya ƙara, ya riƙa yashe magudana, takardunsa su zauna wuri ɗaya, in an yi gargaɗi ya fita da iyalinsa ba gardama. Ya ce kuma kada in yi mamaki in darajar wurin ta faɗi, domin mai saye yanzu yana iya dubawa a wayarsa. Na nuna masa layinmu. Gidanmu yana bakin ja. Filinki yana tsakiyarsa. Ya ƙara matsowa ya duba da kyau, ya ce, "Wannan fili na wane ne? Shi kaɗai ya rage ruwan layin nan yake bi ya fita. In aka toshe shi, duk waɗannan gidajen na ƙasa za su sha." Na farko a cikin gidajen da ya nuna na Malam Saini ne, wanda ya sake ginawa ɗaki ɗaya bayan ɗaya.

Da zan tsaya nan da na fita da ɗan mutunci, amma na ce ba zan ɓoye miki komai ba. A kan gada ina dawowa, Shaiɗan ya zauna kusa da ni. Akwai wani ɗan garinmu mazaunin Maraɗi da ya daɗe yana roƙona in samo masa fili a Yamai, ya ce ba sai ya zo ba, idona idonsa ne. Na ce a raina, ba ya duba taswira, in sayar masa, in saya wa Inna wani a tudu, kowa ya huta. Kwana biyu ina juya wannan magana, har na shirya yadda zan yabi wurin. Na gaya wa mahaifiyarki ina jiran ta ce na yi dabara. Tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Shi ma ƴa gare shi, Malam." Na tashi na bar mata wurin ina ƙunƙuni, amma ban kira shi ba.

Ina gaya miki wannan ne domin wata rana ba na nan, filin zai zama a hannunki, kuma za a zo miki da irin wannan shawara, wataƙila daga bakin wanda kike jin nauyinsa. Duk wanda ya zo saye, ki fara nuna masa taswira, ki gaya masa abin da ruwa ke yi a wurin. In ya fasa, ya fasa. Ki gaya wa ƙannenki haka na ce.

Shekaranjiya da hantsi na shiga gidan Malam Saini. Na tarar da shi a gindin bishiya yana dafa shayi. Na zauna, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, "Malam Saini, ɗakunanka da suka faɗi shekarun baya, ƙasata ce ta turo maka ruwan. Ka yafe mini." Ya zuba shayi ya miƙo mini. Ya ce, "Na sani tun ranar. Na ɗauka ba za ka zo ba sai an ɗauko ɗayanmu. Sha, zai huce." Mun yi magana a kan filin. In ruwa ya janye zai riƙa shuka salati da kabeji da zogala a ciki, da damina kuma a bar shi a buɗe, ruwa ya wuce abinsa. Na ce sai na tambaye ki, tunda naki ne. To ga shi na tambaye ki, in kin amince ki sanar da ni.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi yi mini wuyar rubutawa. Ranar da na yi miki tsawa, ba don na yarda taswirar ƙarya ce ba. Tun kina magana na san gaskiya ce. Tsoro ne ya kama ni. Shekara ashirin da biyar ina kallon filin nan ina ganin ɗakinki a ciki, ina ganin na tsufa ina zaune a ƙofa, ina jiyo muryarki ta kan katanga kina yi wa yaranki faɗa. Da kika ce ja ne, abin da na ji shi ne za ki yi nisa. Na kusa sa ki zuba gumin kuruciyarki a hanyar ruwa, in kuma sake rushe wa bawan Allah gida, don kawai kada in yi kewa. Ki yafe mini, Inna.

Don haka na janye maganar da na yi ranar sunanki, kuma na sauke miki alkawarin da kika yi mini. Kada ki gina a filin nan. Ko buhu ɗaya na siminti kika aiko, zan sa shi a mota in mayar miki har Tawa, kin san kuma zan iya. Ki tara abinki a hankali, ki nemi wuri a tudu, ko a Yamai, ko a Tawa, ko duk inda Allah ya ajiye ki. Ki duba taswira, ki tambayi tsofaffi, ki je da damina. Nisa ba komai, ni direba ne.

Sai dai ina da roƙo. Ban taɓa roƙon ƴaƴana komai ba, yau zan fara. Gidanmu ma a bakin ja yake, kuma ni da mahaifiyarki ƙarfin kwashe ruwa yana ƙare mana. In kin tashi gini, ki fitar mana da ɗan ɗaki ɗaya ta wajen ƙofa, ba sai babba ba. Na yi alkawari ba zan ce uffan a kan yadda za a zuba ƙasa ba.

Allah ya tsare ki daga sharrin ruwa da na wuta da na mutum. Ya sa albarka a aikinki, ya ba ki haƙuri da yaran mutane, ya kai ki inda ba mu kai ba. Ya sa duk inda kika kwanta ki tashi lafiya, ya sake haɗa fuskokinmu cikin alheri. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce kada ki manta da yajin da ke ƙasan jaka.

Wassalam.

Babanki,
Sani